MALAM SALLAME-TASHI

Shafi na 17

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa na bar su a tsaye tun ranar Talata. Ku yi haƙuri, ga ni na zo. Wanda ya shigo yau, ga inda muke: ƙarshen Janairu ne na 1988, a Kamfanin Saƙa na Ɗorawa da ke Sharaɗa. Wata uku ke nan da aka kawo kwamfuta, aka jona ta da mitocin wutar kowane sashe. Manhajar cikinta tana rubuta abin da kowane inji ya sha, minti bayan minti, ta buga a doguwar takarda mai huji a gefe. Zuwaira ce ke kula da ita. Kuma takardar nan ce ta tona asirin Malam Ashafa, tsohon mai gyaran wuta, aminin marigayi mahaifinta, wanda shi ya kawo ta aikin da hannunsa.

*

Uku da minti ashirin na yamma.

Injiniya Tijjani ya warware takardar a kan tebur har ta zubo ƙasa.

"Malam Ashafa, sau saba'in da ɗaya."

Malam Ashafa yana tsaye, hularsa a hannu.

"Na ji, Injiniya."

"Sau saba'in da ɗaya kana kashe babban injin sanyi. Minti shida, sannan ka kunna. Wa ya ba ka izini?"

"Babu."

"Ka san injin nan shi ke busa iska mai laima a ɗakin saƙa don kada zare ya tsinke?"

"Da ni aka kafa shi, Injiniya. Kana makarantar kwana a lokacin."

Zuwaira ta sunkuyar da kai a gaban kwamfutarta. Ita ta buga takardar. Da ta san abin da za ta haifar, da yatsunta ba su taɓa madannin ba.

"Abin da ya fi ba ni tsoro," in ji Tijjani, yana bin layukan da biro, "wayon da ke ciki. A Nuwamba, huɗu saura kwata kake kashewa. A Disamba, huɗu saura biyar. Jiya, huɗu da minti goma. Kullum kana matsar da lokacin kaɗan-kaɗan don kada a yi maka kwanto. Wannan ba mantuwa ba ce. Wani ya sa ka?"

"Babu wanda ya sa ni."

"To me ya sa?"



"Baba," Zuwaira ta ce, "don Allah ku faɗa masa. Ko mene ne."

Ya dube ta, ya yi murmushi kamar yadda yake yi mata tun tana ƙarama, lokacin da yake goya ta a keke daga Ɗorayi zuwa makaranta.

"Zuwai, injinki bai yi ƙarya ba. Kada ki sa a ranki."

Tijjani ya zaro farar ambulan daga aljihun tebur, ya ajiye.

"Takardar sallamarka ke nan. Tun da safe na sa sabon kwaɗo a ɗakin wuta, makullin yana nan aljihuna. Shekara ashirin da shida kana aiki a nan, shi ya sa ban kira ɗan sanda ba. Ina ba ka dama ta ƙarshe. Ka yi magana, ko ka ɗauka."

Malam Ashafa bai dubi ambulan ɗin ba. Aljihun Tijjani ya duba.

"Ka kulle ɗakin?"

"Na kulle."

"Yau ɗin nan?"

"Yau ɗin nan."

Wannan ne karon farko da Zuwaira ta ga tsoro a fuskarsa. Ya leƙa taga, ya dubi rana, ya dawo da idonsa.

"Injiniya, ka kore ni gobe. Yau kaɗai ka ara mini makullin."

Tijjani ya yi dariya.

"Ka ji tsoho! A kama ka da laifi, ka ce a ara maka makulli ka ƙara ɗaya?"

"To shi ke nan. Bari in je in yi alwala."

Ya ɗauki ambulan ɗin, ya sa a aljihu bai buɗe ba, ya fita.

*

Zuwaira ta kasa zama. Ta tashi ta tsaya a taga.

Daga nan ana ganin tsakar kamfanin gaba ɗaya. A dama, rumfar kwano ce inda ma'aikata ke jam'i. A hagu, ɗakin wuta da sabon kwaɗonsa na ƙyalli. Tsakaninsu bai fi taku arba'in ba.

Ga Idi a tsakiyar filin. Shi ne ladanin kamfanin, mai saƙa ne a layi na uku, bai taɓa ɗaura agogo ba. Ya cire takalminsa, ya juya wa rana baya, ya ajiye ɗan dutse a inda inuwar kansa ta tsaya. Sai ya fara taku, diddige a bakin yatsu, yana ƙirga.

Wani direba ya yi masa tsiya daga ƙofa.

"Idi, a saya maka agogo mana, ka huta da awon ƙasa!"

"Agogonka batir yake ci," in ji Idi. "Nawa ba ya mutuwa."

Ya ƙirga ya girgiza kai. Da saura. Ya koma gindin bango ya zauna.

Kullum Zuwaira na ganin wannan, ba ta taɓa tsayawa a kai ba. Yau ta tsaya.

Ta dawo da sauri, ta tsugunna, ta jawo takardar da ta zube a ƙasa.

Huɗu saura kwata. Huɗu saura biyar. Huɗu da minti goma.

"Injiniya."

"Na'am?"

"Ƙarfe nawa kake sallar La'asar?"

"Huɗu da rabi, a nan ofis. Me ya kawo wannan?"

"Kullum huɗu da rabi?"

"Kullum. Ina da agogo."

"Su ba su da shi. Da inuwa suke yi. Ita kuwa inuwa ba ta zama wuri ɗaya, daga Nuwamba zuwa yau ta matsa da kusan rabin awa. Ba Baba ne ke canza lokacin ba. La'asar ce ke matsawa."

Tijjani ya sake duba takardar.

"To, sai me? Yana kashe inji lokacin salla. Laifin bai ragu ba."

"Ba lokacin salla ba ne. Bayanta ne."

Ta zauna ta danna madannai. Wata uku suna duba shafi ɗaya kawai, na injinan da aka kashe ba izini, domin shi ne manhajar ke yi wa ja. Yanzu ta kira shafin da ke tara wutar kamfanin duka wuri ɗaya. Koren rubutu ya cika allon.

"Duba jiya. Kafin salla muna shan kilowat ɗari takwas. Aka tafi salla, kowa ya kashe injinsa, ta sauko ɗari uku."

"Na gani."

"Aka sallame. Mutum ɗari da ashirin suka koma lokaci guda, kowa ya danna nasa. Kai ka koya mini cewa inji ya fi jan wuta a lokacin tashi."

"Haka ne."

"Ta hau ɗari tara da arba'in."

"Taransifomarmu na ɗaukar dubu. Ba mu kai ba."

"Ba mu kai ba saboda injin sanyi a kashe yake. Nawa yake sha?"

Tijjani ya ƙura wa allon ido.

"Ɗari biyu," Zuwaira ta amsa da kanta. "Ka haɗa."

A waje, Idi ya sake auna inuwarsa. Wannan karon ya gyaɗa kai, ya sa hannu a kunne.

"Allahu Akbar! Allahu Akbar!"

*

Ƙarar injinan saƙa ta fara raguwa, layi bayan layi, har ɗakin ya yi tsit. Injin sanyi kaɗai ke gurnani a bayan gini.

Tijjani yana ta lissafi a bayan takarda.

"Ba zai yiwu ba. A littafi, injinan nan ba sa jan haka."

"Littafin na sababbi ne, Injiniya. Waɗannan sun girme ni."

"Bari in sake dubawa."

"An tayar da iƙama fa."

Bai ji ta ba. Ya buga lissafin, ya soke, ya sake bugawa.

Ta taga Zuwaira ta hango Malam Ashafa. Yana inda ya saba tsayawa, sahun ƙarshe, can gefen hagu, wajen da ya fi kusa da fita. Dattijo kamarsa a sahun farko ya kamata a gan shi, amma shekara da shekaru ba ya wuce nan. Kuma liman na yin sallama yake miƙewa, ba tasbihi, ba addu'a. Shi ya sa ma'aikata suka laƙaba masa suna Malam Sallame-tashi. Wasu a bayansa suke faɗa, wasu a gabansa. Ita kanta Zuwaira ta sha jin kunyar sunan.

Raka'a ta uku.

Raka'a ta huɗu.

"Injiniya, sun zauna tahiya!"

Tijjani ya ajiye biro. Fuskarsa ta canza.

"Dubu da ɗari da arba'in," ya ce a hankali. "Innalillahi."

Ya ture kujera ya fita a guje.

Ofishin a bene yake. Kafin ya sauko matakala, ya zagayo ta bayan sito, an riga an shafa addu'a, mutane sun tuɗo cikin ɗakin saƙa.

Zuwaira ta ture tagar ta buɗe duka, ido ɗaya a allo, ɗaya a waje.

Ɗari huɗu.

Ɗari shida da hamsin.

Malam Ashafa yana tsaye a ƙofar ɗakin wuta, ƙafa ba takalmi, ambulan ɗin korarsa na leƙowa daga aljihu. Ya kama kwaɗon da hannu biyu yana jijjigawa.

"Ɗari takwas!" Zuwaira ta ƙwala. "Baba, ɗari takwas!"

Idi ya tsaya da tabarma a kafaɗa.

"Ɗari takwas na me kuma?"

"Ɗari tara da ashirin!"

Kwamfutar ta fara ƙara, ƙii, ƙii, ƙii. Fitilun ofis suka dushe suka zama ja.

Tijjani ya ɓullo yana haki. Bai tsaya ya ƙaraso ba, daga nesa ya wurga makullin. Malam Ashafa ya cafe shi kamar yana jira.

"Ɗari tara da tamanin!"

Ƙofa ta buɗe.

"Ɗari tara da casa'in da biy..."

Gaf!

Gurnanin injin sanyi ya tsaya.

Zuwaira ta dubi allon. Ɗari takwas. Ya sake hawa, ɗari tara, ɗari tara da arba'in, ya tsaya a nan. Sannan ya fara sauka a hankali, injinan sun kama gudu.

Ta zauna a ƙasa, a kan takardun, tana ta maimaita Alhamdulillahi.

*

Da ta sauko, ta tarar da su a ƙofar ɗakin wuta. Ɗakin na warin ƙonannen fenti. Malam Ashafa ya dafa bangon ƙarfen taransifomar yana sauraro. Da minti shida suka cika, ya ɗaga hannun makunnin, injin sanyi ya koma aikinsa.

Tijjani ya jingina da bango, rigarsa sharkaf.

"Tun yaushe kuke wannan?"

Zuwaira ta lura. Ɗazu "ka" yake ce masa.

"Shekara tara da 'yan watanni."

"Kullum?"

"Ban da Lahadi. Ranar da matata Safiyatu ta haifi autanmu ma na zo, na kashe, na kunna, na koma asibiti."

"Azahar fa?"

"Azahar tana faɗawa cikin hutun abinci. Ƙararrawa ke mayar da mutane sashe-sashe. La'asar ce ba ta da ƙararrawa."

Idi ya matso da wasu mutum biyar da suka ji ihun Zuwaira.

"Baba, me ya hana ku faɗa?" in ji Tijjani. "Kalma ɗaya ce. Da na yaga takardar tun ɗazu."

Malam Ashafa ya dubi Idi, ya dubi rumfar.

"Idi, ka tuna gobarar saba'in da takwas?"

"Wa zai manta? Taransifoma ta tashi bayan La'asar. Kwana arba'in kamfani a rufe. A Panshekara na riƙa dakon bulo."

"Ka tuna abin da Alhaji Uba ya ce ranar da aka buɗe?"

Alhaji Uba shi ne mai kamfanin. Idi ya ce a hankali:

"Ya tsaya a gaban rumfar can ya rantse. Ya ce yana zargin tafiyarmu salla gaba ɗaya ce ta jawo, amma ba shi da shaida. Ya ce ranar da ya samu shaida, zai sa a cire rumfar, kowa ya yi sallarsa a gindin injinsa, ɗaya bayan ɗaya."

"To zarginsa daidai ne," in ji Malam Ashafa. "Ni na gane tun a makon. Ni kaɗai. Na ce a raina, in na faɗa, jam'i ya tafi. In na yi shiru kawai, wuta za ta sake tashi. Sai na nemi abin da zan iya kashewa na minti shida zare bai ji ba."

"Shi ya sa kuke sahun baya," Zuwaira ta ce.

"Daga can taku talatin da bakwai ne zuwa nan. Daga sahun gaba, sai na tsallake mutane."

Idi ya sauke tabarmar daga kafaɗarsa.

"Malam... ni na fara sa maka sunan nan."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Muryarka ko raɗa ka yi ana ji a Bompai."

Aka yi dariya, amma Idi bai yi ba. Ya durƙusa a ƙasa.

"Shekara tara muna zaune muna jan carbi, kai kana gudu kana tsare mana wurin zaman. Mu kuma muna yi da kai. Ka yafe mini don girman Allah."

"Tashi, Idi. Tasbihina a nan nake yi, hannuna a kan ƙarfe. Minti shida ya ishi talatin da uku sau uku, har da ƙari."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya juya yana goge ido da hularsa.

Tijjani ya miƙa hannu biyu.

"Baba, ku ba ni ambulan ɗin."

Ya karɓa, ya yaga gida huɗu.

"Na karanta takarda, ban karanta mutane ba. Ku yafe mini. Da kun yi fushi kun tafi gida ɗazu, da yanzu motar kashe gobara muke jira, kuma da hannuna na sa kwaɗon."

"Allah ya yafe mana duka. Kai ma ka yi gudu, ban san kana da shi ba."

Malam Ashafa ya juya wajen Zuwaira.

"Ke kuma me ya sa kike kuka?"

"Ni na buga takardar, Baba."

"Ke kuma kika karanta ta daidai. Ni na tsufa, Zuwai. Kullum ina tunanin ranar da zazzaɓi zai kwantar da ni, ba wanda ya sani. Injinki ya sauke mini kaya. Allah ya yi miki albarka, ya ji ƙan mahaifinki."

"Amin," kowa ya amsa.

Ta share hawaye.

"Akwai hanya, Baba. Ba sai an kashe komai ba. In an sallame, sahun farko su tashi su kunna nasu. Bayan minti biyu, sahu na biyu. Haka har na ƙarshe. Zan gwada a kwamfuta, amma na tabbata ba za mu wuce ɗari tara ba."

"Sahu-sahu," in ji Idi. "Ai ko makaho zai iya bin wannan."

"Kuma ku koma sahun gaba, Baba," in ji Zuwaira.

Malam Ashafa ya yi dariya.

"In koma gaba, in sake zama mai fara tashi? Sunan ba zai bar ni ba ke nan. Ku bar ni a baya. Wannan karon ni zan zama na ƙarshen tashi."

Sannan ya rage murya.

"Abu ɗaya nake roƙo, Injiniya. Ka gyara abin a tsakaninmu. Kada takardar nan ta kai wajen Alhaji. A wurinka lambobi ne, a wurinsa shaida ce."

Tijjani ya kawar da kai.

"Injiniya?"

"Baba... ba a korar ma'aikaci mai shekara ashirin da shida sai da saninsa. Tun ƙarfe tara na aika masa kwafi."



"Wataƙila ba zai gane ba," in ji Zuwaira da sauri. "Mu ma wata uku muna kallo ba mu gane ba."

Malam Ashafa ya girgiza kai.

"Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana fatauci a ƙafa kafin ya mallaki agogo? Ya fi kowa sanin inuwa."

Hon ɗin mota ya tashi a bakin ƙofa. Maigadi ya ruga ya wangale. Farar Marsandi ta shigo ta tsaya a tsakiyar fili, daidai inda Idi ke auna inuwa.

Alhaji Uba ya fito da sandarsa, doguwar takardar a naɗe a hammatarsa. Tijjani ya nufe shi da gaisuwa, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Bai dubi kowa ba. Ya taka har gaban rumfar, ya ɗaga kai ya dubi kwanon, ya ƙwanƙwasa ginshiƙi ɗaya da sanda.

"Ashafa."

"Ranka ya daɗe."

"Huɗu saura kwata. Huɗu saura biyar. Huɗu da minti goma. Kallo ɗaya na yi wa takardar nan na san La'asar ce."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Shekara nawa?"

"Tara."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Alhaji Uba ya daɗe yana kallon ƙafafun Malam Ashafa, har yanzu ba takalmi.

"Ka tuna rantsuwar da na yi a nan wurin?"

"Na tuna."

"Ni ma na tuna."

Ya juya wajen direbansa.

"Mamman, je ka kira mini kafinta. Yanzu."